FASHIN BAƘI: Ƙazuwar kare tana da magani, amma baƙin mai da fiya-fiya ba sa cikinsa

Da wuya a zaga bayan kasuwa, ko gefen mahauta, ko bakin juji a garuruwan Arewa ba a ci karo da kare mai ƙazuwa ba. Gashi ya zube, fata ta yi kauri ta yi ɓawo, haƙarƙari a waje, ba shi da aiki sai susa. Yara kan bi shi da jifa, manya su kauce masa, wasu ma su yanke hukuncin cewa ya haukace.

Da yawa daga cikin waɗannan karnuka suna da iyayen gida a da. Wani na gadi ne, wani na farauta, wani kuma yana bin garken shanu. Cutar ce ta kama su, aka gwada abin da aka saba gwadawa bai yi ba, sai aka buɗe musu ƙofa. Abin takaicin shi ne likitocin dabbobi sun daɗe da sanin abin da ke jawo wannan cuta, kuma maganinta yana nan a Najeriya. Abin da ke raba kare da warkewa shi ne rashin gane irin cutar da yake ɗauke da ita, da kuma nisan da ke tsakanin mai kare da ƙwararren likita.

Abin da ke jawo ta

Ƙazuwar kare, wadda a wasu wurare ake kira kirci, ƙananan ƙwari ne dangin kaska ke haddasa ta. Ƙafafu takwas ne da su idan sun girma, kuma ƙanƙantarsu ta kai sai da madubin likita ake ganinsu da kyau. Ya kamata a bambanta ta da kircin shanu da makiyaya ke fama da shi da damina, domin wancan ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi, kuma maganinsa daban ne.

Iri biyu ne suka fi damun karnuka, kuma duk da cewa suna kama da juna a ido, halinsu ya sha bamban.

Na farko shi ne mai haƙa rami, wanda masana ke kira Sarkoftis. Macen kan tona fatar sama ta shige, tana tafiya tana saka ƙwai a cikin ramin. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro yakan ɗauki kwana 17 zuwa 21, sannan sababbin su ci gaba da haƙa. Jikin kare ba ya jituwa da ƙwaron da kashinsa, shi ya sa ƙaiƙayin ke da tsanani har ya hana shi ci da barci. Yakan fara ne daga bakin kunne, da gwiwar ƙafafun gaba, da idon sawun baya, da ƙirji da ciki, wato wuraren da gashi bai yi yawa ba. Wannan iri yana yaɗuwa cikin sauri daga kare zuwa kare ta hanyar cuɗanya da wurin kwana, kuma ƙwaron yana iya rayuwa na wasu kwanaki a kan buhu ko tsumman da kare ya kwanta a kai. Duk inda aka cunkusa karnuka, kamar a ayarin farauta ko a kejin fataken da ke kai su kasuwar Dawaki ta Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, hanya ta samu gare shi.

Na biyu shi ne mai zaman gindin gashi, wato Demodeks. Shi dogo ne siriri, kuma kusan kowane kare lafiyayye yana ɗauke da kaɗan daga cikinsa ba tare da wata illa ba. Ɗan kwikwiyo yana samunsa daga uwarsa a kwanaki biyu zuwa uku na farkon rayuwarsa, lokacin shan nono. Garkuwar jiki ce ke taka masa birki. Idan ta yi rauni saboda yunwa, ko tsutsar ciki, ko wata cuta, ko kuma gado, sai ƙwaron ya hayayyafa ya cika gindin gashi, gashin ya zube. A 'yan kwikwiyo yakan fito a matsayin 'yan tabo kaɗan a fuska, musamman kewayen ido da baki, da ƙafafun gaba, kuma mafi yawan irin wannan yana warkewa da kansa cikin wata ɗaya ko biyu. Wanda ya game jiki kuwa babbar cuta ce da kan ɗauki watanni ana jinya. Da farko ba ya ƙaiƙayi sosai, sai bakteriya sun shiga fatar ta fara ƙuraje da mugunya da wari. Ba ya tsallakawa zuwa mutum, kuma ba a saba ganin ya kama lafiyayyen babban kare daga wani ba.

Akwai kuma na uku mai zama a cikin kunne, wanda ya fi yawa a 'yan kwikwiyo da kyanwa. Alamarsa baƙar dauɗa a kunne mai kama da garin gawayi, da yawan kaɗa kai da susar bayan kunne.

Me ya sa ido kaɗai ba ya isa

Zubewar gashi da susa ba ƙazuwa kaɗai ke kawo su ba. Ƙuma, da kwarkwata, da makero, da rashin jituwar jiki da wani abinci, da matsalar wasu sinadaran jiki duk suna iya nuna kama ɗaya. Abin da likita ke yi shi ne ya kankari fatar da reza a wurare da dama, ya ɗora abin da ya samu a gilashi ya duba da madubi. Ga Demodeks, ana matse fatar a kankara har jini ya ɗan tsattsafo, kuma idan yana nan ba ya ɓuya. Sarkoftis kuwa yana da wuyar kamawa, sau da yawa a kankara ba a gan shi ba alhali yana jikin. Saboda haka likitoci kan haɗa da wata dabara: a murza bakin kunnen kare, idan ya ɗaga ƙafar baya yana susa a iska, zato ya ƙarfafa. Daga nan sukan fara magani su ga yadda jiki zai amsa.

Wannan bambanci shi ne ginshiƙin jinyar. Idan mai haƙa rami ne, dole a yi wa dukkan karnukan gidan magani a lokaci ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba, a kuma wanke ko a ƙone shimfiɗarsu. Idan Demodeks ne ya kama babban kare da bai taɓa yinsa ba, tambayar da likita zai yi ita ce mene ne ya karya masa garkuwa, domin wani lokaci ciwon daji ko wata cuta ce a ɓoye. Haka kuma ana ba da shawarar kada a bar karyar da ta yi wanda ya game jiki tun tana ƙarama ta haihu, saboda raunin yana bin jini.

Magungunan da ke aiki

Wanda aka fi sani a nan shi ne aibamektin, wanda makiyaya suka saba da shi da sunan Ivomec. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo a cikin ƙasa a Japan, William Campbell da abokan aikinsa a Amurka suka gano ƙarfinta a kan tsutsotsi. An fara sayar da shi don dabbobi a 1981, daga 1987 kuma aka fara raba shi kyauta ga mutane da sunan Mectizan don yaƙi da makantar bakin kogi, har a ƙauyukan Najeriya. Mutanen biyu sun samu kyautar Nobel a 2015. Ga kare mai Sarkoftis, likita kan yi allurarsa sau da dama da tazarar mako ɗaya ko biyu, domin maganin ba ya kashe ƙwai, sai an jira sun ƙyanƙyashe an sake bi.

Sai dai kwalbar da ke kasuwa don shanu aka haɗa ta, dabbar da ke iya kai kilo 300, shi kuwa karen gida da wuya ya wuce kilo 20. Ƙarin da ido ba ya gani a sirinji ya isa ya sa kare tangaɗi, da dalalar miyau, da makanta, har da suma. Ba a yi wa ɗan kwikwiyon da bai kai mako shida ba. Akwai kuma wasu karnukan Turai na kiwon tumaki, irin su Collie, masu wani gado da ke barin maganin ya ratsa zuwa ƙwaƙwalwa, abin da masu bincike a Jami'ar Jihar Washington suka gano a 2001. Matasan da ke sayen karnukan waje a Abuja da Kaduna da Kano ya kamata su san wannan kafin su yarda wani ya soka musu allura.

Na biyu shi ne amitaras, ruwan wanka da ake sayarwa da sunaye irin su Taktic. Ana surka shi da ruwa bisa ma'aunin da likita ya faɗa, a jiƙa kare da shi duk mako ɗaya ko biyu, a bar shi ya bushe ba tare da ɗauraya ba. A fili ake yi, da safar hannu. Mai ciwon suga ba ya taɓa shi, ba a kusantar da shi ga doki ko kyanwa, kuma ba a juye shi cikin gorar ruwa ko kwalbar lemo, domin yaro na iya ɗauka ya sha. Wankan farar wuta da aka haɗa da farar ƙasa, wanda kamfanoni ke haɗawa don dabbobi, tsohon magani ne mai wari amma mai sauƙin haɗari, har ana amfani da shi ga ƙananan kwikwiyo.

Sai sababbin magunguna da suka sauya jinyar a shekarun nan. NexGard ya fito a 2013, Bravecto a 2014, Simparica kuma ya biyo baya. Ƙwaya ce da kare ke taunawa, wata duk wata, Bravecto kuma duk mako 12. Don ƙuma da kaska aka fara yin su, sai bincike ya nuna suna kashe ƙwarin ƙazuwa iri biyun da na kunne, har suka zama zaɓin farko ga likitoci a ƙasashe da dama. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa suna iya jawo karkarwa ko farfaɗiya ga wasu karnuka, don haka su ma da sanin likita ake ba da su. Matsalarsu a nan ita ce tsada. Daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 suka ƙara nisa da hannun maigadi da mafarauci.

Ko wanne aka zaɓa, akwai abubuwan da ke tafiya tare da shi. Idan fata ta yi mugunya sai an haɗa da maganin bakteriya da wankan sabulun magani. Sai an ba da maganin tsutsar ciki, an kuma kyautata abinci, domin karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da ragowar tuwo ba shi da abin gina sabuwar fata. Ƙazuwar Sarkoftis kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma susar na iya ci gaba na ɗan lokaci bayan ƙwarin sun mutu. Ta Demodeks da ta game jiki ba a dakatar da maganinta don gashi ya tsiro, sai an kankari fata sau biyu, wata ɗaya tsakani, ba a ga ƙwaro ba. Dakatarwa da wuri ita ce babbar hanyar dawowar cutar.

Inda ake yin aika-aika

Maganin da ya fi yaɗuwa a unguwanni shi ne baƙin mai da aka juye daga inji. Akwai dalilin da ya sa mutane suka yarda da shi. Man yana shaƙe wasu ƙwarin da ke saman fata, susa ta ɗan lafa na kwanaki. Haka kuma ɗan kwikwiyo mai 'yan tabon Demodeks zai warke da kansa ko an shafa ko ba a shafa ba, sai man ya karɓi yabon aikin da garkuwar jiki ta yi. Amma ba ya kai wa ga ƙwarin da ke can cikin rami da gindin gashi, kuma yana ɗauke da ƙarafa masu guba da sinadaran da ke jawo ciwon daji. Fatar da ta riga ta tsage tana shanye su, kare ya lashe sauran, abin ya taɓa hanta da ƙoda. Yaran gidan da ke wasa da shi su ma suna kwasa a hannu. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri.

Wanda ya fi wannan muni shi ne wanka da maganin ƙwarin gona, irin su Sniper da fiya-fiya da Gamalin. Na biyun farko suna ɗauke da guba mai taɓa jijiyoyi, wadda ke shiga ta fata ta sa dalalar miyau, da gudawa, da karkarwa, da toshewar numfashi cikin ɗan lokaci. A 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper saboda yawan mace-macen mutane, shi kuwa sinadarin da ke cikin Gamalin an saka shi cikin jerin waɗanda yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Duk da haka ba su ɓace daga kasuwannin ƙauye ba. Idan an riga an yi kuskuren, a wanke karen nan take da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya da shi wurin likita tare da kwalbar.

Akwai kuma allurar kashe ƙaiƙayi irin deksametazon, wadda masu yawon allura ke so saboda tana nuna aiki da wuri. Tana danne garkuwar jiki, don haka ga kare mai Demodeks tamkar ƙara wa wuta fetur ne.

Shin mutum yana ɗauka?

Mai haƙa rami yana iya hawa jikin mutum. Wanda ke rungumar kare ko yake masa wanka kan ga jajayen ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki. Sai dai irin na kare ba ya iya hayayyafa yadda ya kamata a fatar ɗan Adam, don haka ƙurajen kan baje cikin 'yan makonni da zarar an warkar da karen.

Ƙazuwar da ke addabar makarantun kwana, da tsangayu, da gidajen gyaran hali, da sansanonin 'yan gudun hijira kuwa, irin ta mutane ce, daga mutum zuwa mutum take tafiya, kuma cunkoso da ƙarancin ruwa ne ke rura ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa aƙalla mutum miliyan 200 ke fama da ita a kowane lokaci. Kashe karnukan unguwa ba zai rage ta ba.

Inda ta haɗu da ciwon haukan kare

Ƙazuwa ba hauka ba ce. Mahaukacin kare yana iya zama da gashinsa sumul, alamarsa sauyin hali ne, da cizon duk abin da ya tarar, da dalalar miyau, da shanyewar jiki. Amma akwai igiyar da ta haɗa cututtukan biyu. Karen da aka kora saboda ƙazuwa ya fita daga hannun wanda zai kai shi rigakafi, ya shiga garken da ke yawo a juji da mahauta, inda cizo ke yawa. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 ta hanyar kare suke kamuwa. Masana sun daidaita a kan cewa sai an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi kafin a katse yaɗuwarsa, kuma duniya ta ɗauki 2030 a matsayin shekarar kawo ƙarshen mutuwar mutane daga gare shi. Kowane kare da ya koma titi yana nesanta unguwa daga wannan adadi. Wanda kare ya ciza, mai ƙazuwa ne ko lafiyayye, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti a ranar.

Haƙƙin wane ne?

Najeriya ba ta rasa cibiyoyi ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana nan tun 1924, kuma tana haɗa allurar rigakafin haukan kare. Akwai tsangayoyin koyar da likitancin dabbobi da asibitocinsu a jami'o'in Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri. A 2022 an sanya hannu kan sabuwar dokar yaƙi da cututtukan dabbobi da ta maye gurbin ta 1988, a 2024 kuma aka ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya, aka naɗa Idi Mukhtar Maiha ministanta. Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya ce ke da hurumin tantance wanda ya cancanci yin aikin, NAFDAC kuma ke da alhakin rajistar magungunan.

Giɓin yana ƙasa ne, a matakin da talaka ke rayuwa. Asibitocin dabbobi masu zaman kansu sun taru a manyan birane, mutumin karkara kuwa wanda ya fi kusa da shi shi ne mai baza magunguna a rana ranar kasuwa, wanda shi ne likita, shi ne mai allura. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da yadda ake ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Don haka akwai tambayoyin da ɗan ƙasa ke da ikon yi wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma: ina asibitin dabbobin yankin, akwai ma'aikaci da madubin gwaji a ciki, nawa aka ware masa a kasafin bana, kuma yaushe aka yi gangamin rigakafin karnuka na ƙarshe. Gangamin da ake yi duk 28 ga Satumba, ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, dama ce da za a iya haɗawa da duba fata da ba da maganin tsutsa, tunda karen da mai shi sun riga sun zo.

Mai kare ma yana da nasa kason. Dokar Penal Code ta Arewa ta tanadi hukunci ga wanda ya azabtar da dabbar gida, kuma malamai sun sha jan hankali cewa dabbar da mutum ya ajiye amana ce a wuyansa. Matakin farko idan aka ga susa da zubewar gashi shi ne a ware karen daga sauran, a hana yara wasa da shi, a canja masa shimfiɗa, a kai shi wurin likita mai rajista tun tabon bai wuce bakin kunne ba. A wannan matakin, jinyar 'yan makonni ce ke mayar da shi bakin aikinsa na gadi ko farauta.